Surukin da Ya Sunkuya Ya Duba Tukunyata

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi kowa zai koma, babba da yaro. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, da hantsi, Allah ya karɓi ran surukina, mijin autata, wanda jama'a ke kira Malam, yayyen matarsa kuma suke ce masa Dogo. Malamin lissafi ne a makarantar sakandare. Ya gama darasinsa na safe, ya dawo ofishin malamai da ƙurar alli a hannun rigarsa, ya ce wa abokin aikinsa ƙirjinsa ya ɗan riƙe, a taimaka masa da ruwa. Kafin ruwan ya iso ya sulale daga kan kujera. Likita ya ce zuciya ce, kuma tun a hanyar asibiti rai ya yi halinsa. Bai yi jinya ba. Ko furfura bai fara ba.

Malam, hannuna yana rubutu, amma kaina bai gama yarda ba. Na rasa mahaifina, na rasa mahaifiyata, na rasa maigidana bayan doguwar jinya. Duk waɗannan, mutuwa ta yi sallama kafin ta shigo, muka ga alamarta, muka shirya zukatanmu gwargwadon iko. Taka ba ta yi sallama ba. Ranar Lahadi kana kicin ɗina kana dariya, ranar Talata kafin la'asar an kai ka. Ni ce tsohuwa, ni ce mai kwalaben magani a bakin gado, kai kuma aka ɗauka. Ban ce an yi kuskure ba, ina neman tsarin Allah daga wannan magana. Na dai ce ban gane ba. Har yau in an taɓa ƙofa sai in ɗaga kai sama, daidai inda fuskarka take bayyana.

'Ya'yana sun sani, ni ba mai yabon mutum a gaban idonsa ba ce. Yabo yana kumbura wa mai rai kai. Amma kai yanzu ka wuce nan, kuma akwai abin da ya kamata waɗanda ka bari su ji, musamman masu tsofaffi a gida.

Da ciwon maigidana ya tsananta, ga mu a hawa na biyu, ana ta shawarar yadda za a sauko da shi zuwa mota, kai ka durƙusa ka ce a ɗora maka shi a baya. Haka ka riƙa yi duk ranar asibiti, kana yi masa hira a kan matakala don kada ya ji nauyi. Kai ne mai yi masa aski. Bayan ya rasu jama'a suka watse kamar yadda aka saba, kai ba ka watse ba. Duk Lahadi sai ka zo. Ba ka tambayata ko ina buƙatar wani abu, don ka san amsata a'a ce, sai dai ka zagaya gidan da ido ka nemo abin gyara. Gaskiya kuwa hannunka na alli ne, ba na sukudireba ba. Famfon banɗaki da ka gyara mini sai da muka kwashe ruwa da bokiti. Ƙofar kwabar da ka ɗaura har yau a karkace take rufuwa. Da na yi magana ka ce, "Mama, a lissafi daidai take, ƙofar ce ba ta yi makaranta ba."

Ga maganar da ta sa na ɗauki biro.

Kicin ɗina siriri ne, tagarsa ɗaya, ita ma bangon maƙwabta take kallo. Fitilar rufi tana bayana, in na tsaya gaban murhu inuwata ce ke faɗawa cikin tukunya. Abin da ke haska mini girki shi ne injin zuƙe hayaƙi da ke saman murhun gas, mai ƙananan fitilu biyu a ƙarƙashinsa, kowace da murfin gilashi. A farkon shekarar nan ƙwan ɗaya ya ƙone, ba a jima ba ɗayan ya bi shi. Babban ɗana, wanda ƙannensa ke kira Yaya, ya sayo na zamani, irin waɗanda ake ce wa LED, ya sa da hannunsa. Ya ce ba sa cin wuta, kuma sai mun gaji da ganinsu. Da niyyar alheri ya yi, wannan ban taɓa musu ba.

Daga nan girkina ya lalace. Hasken fari ne fat mai shuɗi-shuɗi, irin na ɗakin asibiti. A ƙarƙashinsa albasa tana nan fara a idona alhali ta riga ta soyu, sai hancina ya gaya mini ta ƙone. Nama ɗanye da dafaffe duk launin toka suke. In tukunya ta ɗauki zafi kuwa, hasken ya dusashe ya fara ƙifta-ƙifta kamar idon mai jin barci. Na yanke babban yatsana. Na ƙona miya, ni da na koya wa 'ya'yan mutane girki. Sannan wata rana na zuba wa ƙaramar 'yar Yaya kaza da jini a jikin ƙashi, yarinya ta yi ta amai har aka kai ta asibiti.

Yaya a kamfanin inshora yake aiki, kullum cikin hotunan gidajen da suka ƙone yake, ba abin da yake hangowa sai hatsari. Ya tara ƙannensa a falona. Ya ce ido ya tafi, yau kaza ce, gobe gobara. Za a cire silindar gas, a rufe gidan, in koma wurinsa, har an yi wa ɗaki fenti. Na ce fitila ce. Suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka leƙa kicin, suka danna makunni, haske ya kawo tar. Suka ce, "Mama, ai wannan kamar rana." Likitan ido ya canza mini tabarau, albasa ta ci gaba da ƙonewa. Sai maganar ta tashi daga ido ta koma kai, ana yinta ƙasa-ƙasa a bakin ƙofa, ana tsammanin ba na ji.

Yaran yanzu ba su san abin da suke karɓewa ba in suka karɓe wa uwa murhu. Macen da ta yi rayuwarta tana ciyar da mutane, ran da aka zaunar da ita aka kawo mata tire, ran nan ta zama baƙuwa. Na ga yayata da aka yi wa haka. Ba ta rasa kulawa ba, amma cikin 'yan watanni ta daina tambayar wace rana ce. Wannan nake tsoro, ba mutuwa ba. Da kowa ya ce hasken lafiyarsa lau, ni ma na fara tunanin ko ni ce.

Kai a taron nan gefe ka koma ka zauna. Suruki ne kai, ka san iyakarka. Lahadin da ta biyo baya ka shigo, ka gaishe ni, ka ce, "Mama, ki ɗora tukunya. Ina so in ga abin da kike gani."

Na zuba mai, na yanka albasa. Ba ka tsaya a bakin ƙofa kamar sauran ba. Ka matso gefena, ka lanƙwasa gwiwoyinka, ka yi ta saukowa har kanka ya zo daidai da nawa, mutum mai tsayinka, kamar mai shirin zama a kujerar da babu ita. Ka daɗe a haka, gwiwa tana ƙara. Tururi ya rufe maka tabarau, ka cire ka goge ka mayar.

"Mama, albasar nan ta soyu ko ba ta soyu ba?"

Na ce, "Kai mai ido, gaya mini."

Ka ce, "Wallahi ban sani ba."

Daidai nan fitilar ta fara ƙifta-ƙiftarta. Ka miƙe, ka dafa ƙugu, ka ce, "Ashe ba a taɓa gwada ta da wuta a ƙasa ba." Abin ke nan. Duk wanda ya duba, ya duba ne murhu a sanyaye, daga bakin ƙofa, yana kallon ƙwan. Ba wanda ya kalli cikin tukunya, ba wanda ya jira ta yi zafi. Ku masu iyaye a raye, ku riƙe wannan. In tsoho ya ce ga abin da ke damunsa, kada ku leƙa daga nesa ku yanke hukunci. Ku tsaya inda yake tsayawa, ku ba abin lokaci. Ni dai a ranar na juya na yi kamar ina neman ludayi, don ba na son suruki ya ga idona a wannan hali.

Ka je wurin Yaya ka roƙi a ba ka ɗan lokaci. Ya yi dariya ya ce, "Dogo, kai da famfo ya gagara?" Amma yana ganin girmanka, ya yarda. Aka tsayar da wata Asabar a tsakiyar Oktoba. Zai zo ya zauna, in yi girki a gabansa daga yankan albasa har saukewa. In ya gamsu a bar ni, in bai gamsu ba ranar za a cire silinda. Ban so jarrabawa a gidana ba, a hannun wanda na goya, amma na haɗiye.

Daga nan ka shiga zirga-zirgar shago, kuma ka sha kuskure. Ƙwayayen fitilar da ka fara kawowa masu murɗawa ne, alhali injin nawa masu ƙafa biyu yake karɓa, sirara kamar allura, da ake cusawa. Ka koma. Na biyu ƙafafun sun yi, amma ƙwan ya yi tsawo, murfin gilashi ya ƙi rufuwa. Ka ce ko a bar shi a buɗe. Na ce ba a kicin ɗina ba, maiƙo da tururi za su shige shi, in kuma ya fashe cikin miyar jikokina zai zuba. Ka ce gaskiya ne, ka sake komawa. Na gaba ya shiga, ya rufu, muka danna makunni, ko ƙyas.

Ranar na yi maka faɗa, kuma faɗan yana kan hanya. Na ce ba a zuwa sayen abu da baki kawai, da samfurinsa ake zuwa. Na jawo durowar da 'ya'yana ke kira juji, na fito da tsohon ƙwan da ya ƙone, don ni ba na zubar da abu sai na tabbata an gama da shi. Ka kai shi bakin taga, ka ari sabon tabarau ɗina ka ɗora kan naka, ka karanta ƙananan rubutun da ke gindinsa. Ka ce ashe injin yana rage ƙarfin wuta sosai kafin ta isa fitila, wanda ka kawo kuwa na wutar gida ne kai tsaye, shi ya sa bai motsa ba. Ka naɗe tsohon ƙwan a hankici ka sa a aljihun gaba. Auta ta ce haka ka yi ta yawo da shi har cikin aji.

Da ka dawo ka zaunar da ni kamar ɗalibarka. Ka ce ba kowane LED ne ke jure zama a saman wuta ba. Wanda aka yi don falo, in ya sha zafi sai ya dusashe ya fara rawa, shi ne abin da ya sami na Yaya. Ka ce kuma injina tsoho ne, ba da kowane sabon ƙwai yake shiri ba, sai wanda aka rubuta a kwalinsa cewa ya dace. Na ce duk na ji, launin fa? Ka dubi kwandon kayan miya, ka ɗauki tumatir da albasa ka zuba a aljihu.

Na ce, "Malam, ina za ka da kayan miyata?"

Ka ce, "Shago, Mama. Su ma a gwada musu."

Mai shagon ya zo gaisuwar rasuwarka, shi ya ƙarasa mini labarin. Ya ce ka jera su a kan kanta, ka sa ya kunna maka kala-kala, masu saye suna dariya, ko kai ba ka ɗaga ba. A ƙarƙashin wani ƙwan tumatir ya koma launin hanta, a ƙarƙashin wani komai ya yi rawaya. Ka zaɓi wanda tumatir ya fito ja kamar yadda Allah ya halicce shi, fari mai ɗan ɗumi, irin hasken hantsi. Ya ce tun da ya buɗe shago ba a taɓa kawo masa albasa ba. Yana faɗa yana dariya, sai ya juya yana share ido.

Lahadin ƙarshe ka zo da su. Na sa ka kashe wutar gidan daga babban makunni kafin ka taɓa komai. Ka ce ba sai an yi haka ba, na ce a gidana sai an yi. Ka ciro murafen gilashin, maiƙo ya yi musu riga, ka tsaya ka wanke su da ruwan zafi da sabulu kana cewa rabin hasken a nan yake maƙale. Ka cusa sababbin a hankali, ka rufe, ka mai da wuta, ka ce in ɗora tukunya. Muka tsaya muna jira. Mai ya yi zafi, tururi ya tashi, hasken bai motsa ba. Na ga gindin tukunya. Na ga gefen albasa yana juyawa daga fari zuwa ruwan zuma, na kwashe ta daidai lokacinta.

Na ce, "Ya yi."

Ka ce, "Mama, a sake faɗa in kira Auta ta zama shaida. Tun da na shigo gidan nan ban taɓa ji ba."

Na ce, "Sau ɗaya ake faɗa."

Ka ɗauki yankan kaza daga kasko kana ci a tsaye, na ce ba a cin abinci a tsaye, ka jawo kujerar roba ka zauna. Ka ce ranar Asabar za ka zo da wuri ka zauna kusa da Yaya, kada alƙali ya yi son kai. A bakin ƙofa ka ce sai Asabar, na ce Allah ya kai mu. Na dube ka sarai a ranar, Malam, cikin haske mai kyau, kuma ban ga komai ba. Ba rama, ba haki, ba kumburi. Na yi ta juya fuskarka a raina ina neman alamar da ta wuce ni, babu.

Ranar Talata ina wanke shinkafa Yaya ya shigo da kayan ofis, a lokacin da bai saba zuwa ba. Ya tsaya a bakin kicin bai gaishe ni ba. Na ɗauka ya fasa alkawari ne, ya zo cire silinda. Na ɗaure fuska na ce, "Asabar muka ce. Kuma Malam ya gyara fitilar, matso ka gani." Bai ko kalla ba.

"Mama, ajiye ki zauna."

"Ba zan zauna ba. Faɗi abin da ya kawo ka."

"Mama, Dogo ne."

"Dogo ya yi me?"

Ya faɗa. Na ji kalmomin ɗaya bayan ɗaya, amma ba su haɗu sun zama magana ba. Na ce wane Dogon? Na ce shekaranjiya yana zaune a kan kujerar nan, ga ta nan. Daga baya Yaya ya ce wai na ci gaba da wanke shinkafar, famfo a buɗe, ruwa yana kwashe ta zuwa magudana, sai da ya riƙe hannuna. Ni ban tuna wannan ba. Abin da na tuna, ban yi kuka ba sai a mota.

A nan zan faɗi wata magana, duk wanda ta taɓa ya gyara. Kafin a isa wurin Auta, wani ya riga ya ɗora hotonka a waya da addu'a a ƙasa. A wurin aikinta ta gani, tana tsaye cikin mutane, ba uwa kusa, ba 'yar'uwa. Wannan ba tausayi ba ne, rige-rige ne. Mutuwa tana da ladabi. Da ƙafa ake zuwa, a zaunar da mace, a riƙe hannunta, sannan a faɗa. Wanda yatsansa ya fi hankalinsa sauri ya ji tsoron Allah.

Na iske gidanka yadda ka bar shi da safe. Kofin shayinka a kan tebur, takardun ɗalibai rabi da jan biro rabi babu, manyan silifas ɗinka a bakin banɗaki, ba wanda ya iya kawar da su. Abokan aikinka suka ce ba ka taɓa kiran ɗalibi daƙiƙi ba, sai dai ka jawo kujera ka ce, zo mu ga inda ka ɓace hanya.

Maƙwabta suka yi ta shigo da abinci, Allah ya saka musu, kuloli suka taru a falo. Amma Auta ba ta ci, yaranka ma sai su tsakura su ture. Ranar Asabar da safe babbar 'yarka ta zo ta raɓa a jikina ta ce, "Kaka, naki muke so." Na tashi na ɗauki mayafina. Kicin ɗin gidanka cike yake da mata, ni kuma hannuna da tukwanena ya saba. Yaya ya ce ba zan tafi ni kaɗai ba, ya kai ni gida a motarsa. Wallahi sai da na ɗora tukunya, na ga ya jawo kujera ya zauna a bakin ƙofa, sannan na tuna wace rana ce. Shi ma ya tuna, na gani a fuskarsa. Gefensa babu kowa.

Na yanka albasa, na soya, na kwashe. Na dafa kaza, na tsaga cinya har ƙashi, fari tas, na ajiye a faranti inda zai gani, ban dube shi ba. Ina cikin haɗa miya wuta ta fara yin ƙasa, ta yi ja, ta mutu. Gas ya ƙare. Yaya ya tashi, ya kwance silindar, ya ɗauka ya fita da ita. Na ji tashin motarsa. Na tsaya da ludayi a hannu, miya rabin dahuwa. Na ce shi ke nan, an cire, kuma wanda zai yi magana a madadina yana ƙarƙashin ƙasa.

Can sai ga shi ya dawo da cikakkiya a kafaɗa, rigarsa jiƙe da gumi. Ya ɗaura, ya shafa ruwan sabulu a bakinta ya duba ko tana yoyo, ya miƙe ya ce, "Mama, kunna. In ta ƙare ki kira ni." Na kunna. Ya jingina goshinsa da kwaba, babban mutum mai iyali, ya yi kukan da ya riƙe tun ranar Talata. Na bar shi ya yi, na ƙarasa miyata. Yaranka sun cinye tas, Auta ma ta ɗan taɓa.

An bar mini kicin ɗina, Malam. Na juya in gaya maka, har na buɗe baki.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyar Malam, 'yar'uwata a wannan rashi. Ke kika haifa, kika yi tarbiyya, ni na ci moriya. Na shaida kin yi aiki mai kyau, Allah ya ba ki haƙurin da ya fi nawa. Ga yayyensa da ƙannensa, ga abokan aikinsa da ɗalibansa, ga 'ya'yana da suka rasa ɗan'uwa, Allah ya ba mu dangana. Jikokina, ubanku mutumin kirki ne, duk wanda ya tambaye ku ku faɗa kai a sama. Ku riƙe salla da karatu, ku riƙa yi masa addu'a, ita ce za ta isa inda yake. Auta, 'yata, kuka ba laifi ba ne, amma zama da yunwa ba ya cikin haƙuri. Ki ci abinci. Kullum zan aiko, muddin ina tsaye a kan ƙafafuna.

Ya Allah, bawanka ya zo maka ba zato a wurinmu, amma Kai ka san lokacinsa. Ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata masa makwanci, ka haskaka shi, ka sauƙaƙa masa tambaya. Yadda ya tausaya wa tsofaffi biyu a gidan nan, ka tausaya masa fiye da haka. Ka raya abin da ya bari, ka tsare su daga wulaƙanci. Mu kuma da muka ɗauka mu ne a gaba, in tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Amin.